Jinjina ga Masu Ƙwarya da Randa a Birnin Kudu da Gwaram

Tun kafin leda ta mamaye kasuwannin kudancin Jihar Jigawa, manoman duma da maginan tukwane da gyartai na Birnin Kudu da Gwaram sun tanadar wa jama'a mazuban abinci da abin sha waɗanda ake wankewa a sake amfani da su shekara da shekaru. Duma, wato tsiron da ake fafe 'ya'yansa bayan sun bushe, shi ke ba da ƙwarya da ludayi da gora, kuma da su ne matan Fulani ke dama fura da nono a bakin kasuwa, su rufe da faifai, sannan su ɗauraye ludayin kafin wani mai saye ya karɓa. Idan ƙwarya ta tsage, gyartai, wato mai sana'ar ɗinke ta, yakan huhhuda gefen tsagar ya ɗinke, ta koma aiki.

Randa kuwa tana sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba, domin danshin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana tafiya da zafin ruwan yayin da iska ke busar da shi. Ledar fiya wata, wadda ake yarwa da zarar an sha, ita ke toshe magudanai da damina, ta kuma cushe tumbin awaki da shanu. A shekarar 2024 Jihar Legas ta haramta mazuban abinci na soso, kuma duk hukumar da za ta bi sahu a Arewa ya kamata ta fara da tallafa wa waɗannan masu sana'a.