Hurumi Kafin Tubali: Sharhi a kan Tsarin Matsugunan Bakin Dajin Rugu

Idan aka tashi maganar zaunar da makiyaya wuri guda, gine-gine ake fara lissafawa: makaranta, asibiti, ɗakin duba dabbobi, kasuwa, mayanka, hanya. Jerin da shirin RUGA na Gwamnatin Tarayya ya zo da shi ke nan a 2019, kafin a dakatar da shi a farkon watan Yulin shekarar. Masu suka sun kira shi ƙwacen ƙasa, masu goyon baya sun kira shi jinƙai, sai hayaniyar ta danne tambayar da ta fi dacewa da zanen kansa: me zai sa irin wannan gari ya ɗore a bakin daji? Tambayar ba ta mutu tare da shirin ba. Dajin Rugu, wanda ya shimfiɗu yamma da Dutsin-Ma da Kurfi ta Safana da Batsari da Ɗanmusa har cikin Zamfara, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma duk sulhun da aka ƙulla, batun inda mutane za su zauna da dukiyarsu ne yake dawowa.

Fiƙihun Malikiyya bai fara daga gini ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe wa wannan babi littafinsa Ta'alimur Radi, inda ya bi tsarin da aka sani a Mukhtasar na Shaihu Khalil, cewa mataccen fili yana keɓantuwa ta hanyoyi huɗu: raya shi, ko kasancewarsa hurumin wani rayayyen wuri, ko yankan da shugaba ya yi wa wani, ko killacewar shugaba domin maslahar jama'a, wadda ake kira hima. Hurumin gari a wajensu shi ne makiyayarsa da wurin saran itacensa, gwargwadon nisan da za a fita da safe a dawo a yinin. Hurumin rijiya shi ne abin da ba zai ƙuntata wa masu shayarwa ba, ba zai kuma cutar da ruwan ba. Har gida an ba shi nasa, wato inda zai zubar da ƙasa da inda indararonsa zai kwarara. Ke nan a idon fakihi, filin da ba a gina ba ɓangare ne na garin, kuma mallakar mutanensa ce baki ɗaya, daidai da hadisin da ya sanya mutane tarayya a ruwa da ciyawa da wuta.

Sai dai a cikin babin akwai wani hukunci da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa. Malamai sun ƙidaya gini da shuka bishiya da noma da sare itatuwan daji cikin abubuwan da ke raya fili har ya zama mallaka, amma sun fitar da kiwo da haƙa rijiyar shayar da dabbobi. Wanda ya yi shekara arba'in yana kiwo a wani kwari bai mallaki ko taku ɗaya ba, wanda kuwa ya zo da gatari ya share shi ya kafa garma yana iya zama mai shi. Hikimar a fili take, domin da kiwo yana mallakarwa, da mai garke mafi girma ya haɗiye dajin. Amma hukuncin yana tafiya ne da abokinsa, wato sharaɗin cewa filin da ke kusa da gari ba a raya shi sai da izinin shugaba, kuma hurumi ba a taɓa shi. In aka riƙe na farko aka saki na biyu, gatari ne zai yi nasara a kan sandar kiwo. Kusan abin da ya faru da burtali da mashaya a wannan yanki ke nan.

An taɓa gwada killacewa a nan. Dajin Ruma da Kukar Jangarai yana cikin wuraren farko da aka tsara domin kiwo a Arewa, da taimakon Amurka a shekarun 1960, aka yi madatsun ruwa, sannan dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta zo a 1965. Gine-ginen sun tsufa kamar yadda gini yake tsufa. Abin da ya fi ciwo shi ne iyakar da ta riƙa ja da baya gona bayan gona. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da ƙasa amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo. Ta yi maganar wanda za a ba, ba ta san hurumin gari a matsayin haƙƙin da ke tsaye da kansa ba.

Masana zanen gine-gine da ke yabon ginin ƙasa sun yi gaskiya a rabin maganarsu. Soron tubali ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi a watan Afrilu, kuma duk wanda ya kwana a ɗakunan hayar da suka cika Dutsin-Ma tun kafa Jami'ar Tarayya a 2011 ba ya bukatar a kawo masa hujja. Rabin da suke mantawa shi ne azara daga giginya take, makuba daga ɗorawa, jinka da zana daga ciyawa, bukkar makiyayi kuwa daga kara da tsumagiya. Ginin gargajiya ɗan hurumi ne. Inda aka mayar da bishiyoyi gawayi, magini ba zai sami azarar da zai ɗaura rufi ba, sai ya koma ga kwano ko da ba ya so. Saboda haka zanen da ya jera kyawawan ɗakunan ƙasa a bakin Rugu, bai ware wurin itace da ciyawa da hanyar shanu zuwa ruwa ba, ya kwaikwayi siffar ne kawai.

Ba a ce a kwafo ma'aunin magabata yadda yake ba. Tafiyar yini ma'auni ne na zamanin da garuruwa suke nesa da juna. Yau tsakanin Kurfi da Birchi, ko kewayen madatsar Zobe, hurumin wannan ƙauye zai faɗa cikin gonakin wancan. Akwai kuma matsalar wanda zai tsaya a matsayin shugaban da fiƙihu ya rataya wa izini. Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje Usulus Siyasa, yana ɗora masa raya garuruwa da ƙauyuka, hukunci da sanin ƙasa suna hannu ɗaya. Yanzu 'Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maradin Katsina a Kurfi, tare da dagatansu da arɗo-arɗo, su ne suka san inda tsohon burtali ya bi, takardar izini kuwa tana ofishin ƙaramar hukuma da ma'aikatar filaye a Katsina.