Yunfa a Alƙalamin Waɗanda Suka Ci Shi da Yaƙi

Akasarin abin da ake karantarwa game da Sarkin Gobir Yunfa ya samo tushe ne daga Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo. Littattafai ne masu daraja, sai dai mawallafansu ne suka ja rundunonin da suka yaƙe shi: Abdullahi a Tafkin Kwatto a 1804, Bello kuwa a Alƙalawa, inda aka kashe Yunfa a 1808. Mai ƙara ke nan ya hau kujerar alƙali.

Ba su tsaya kan irin gadon da ya tarar ba: Zamfarawa na jiran ranar ramuwa, dokokin mahaifinsa Nafata sun harzuƙa jama'ar Degel, talakawa kuma na ta kwarara wurin Shehu. Wane sarki ne zai zuba ido? Faɗin haka bai wanke shi daga harin Gimbana ba.

Malaman Dakoro na kusa da ɗaya ɓangaren labarin. Ga Birnin Lalle, tsohuwar fadar Gobir, a ƙasarsu. Ga kirarin sarakuna a bakin maroƙan Tsibiri, yana jiran mai ɗauka a rubuce.