Gani Ya Kori Ji: Bidiyon Waƙoƙin Rock da Amanar Ma'ana

Ka tambayi duk wanda ya kalli bidiyon "Wake Me Up When September Ends" na ƙungiyar Green Day me waƙar take cewa, zai ba ka labarin saurayin da ya shiga soja aka tura shi Iraƙi, ya bar budurwarsa tana hawaye. Haka darakta Samuel Bayer ya tsara shi a 2005, yaƙin yana tsaka da ci. Amma mawaƙin ƙungiyar, Billie Joe Armstrong, ba yaƙi ne ya sa shi rubuta waƙar ba. Mahaifinsa ne ya rasu da ciwon daji a watan Satumba na 1982, shi yana ɗan shekara 10, kuma wannan maraicin ne ya zuba cikin baitocin. Bidiyon yana taɓa zuciya, da yardar ƙungiyar aka yi shi. Duk da haka, ni a ganina an ƙwace wa yaron nan makokinsa an miƙa wa wani.

Gani ya kori ji, kuma a wannan fage maganar ta fi ƙarfi a kanmu. Turancin da ake rerawa a kan ƙarar gita da ganguna, ko mai jin harshen sosai sai ya kasa kunne kafin ya tsinci rabinsa. Ga yawancinmu bidiyo shi ne tafinta. Abin da ya nuna mana shi muke ɗauka a matsayin abin da mawaƙin ya faɗa, shi ya sa nake ganin mai riƙe da kyamara amana ce a hannunsa.

A farko nauyin bai kai haka ba. Lokacin da Queen suka ɗauki bidiyon "Bohemian Rhapsody" a 1975, cikin 'yan sa'o'i Bruce Gowers ya gama shi, don a nuna a shirin Top of the Pops na BBC. Waƙar tana ɗauke da ikirarin wanda ya yi kisa, amma ba a nuna gawa ko bindiga ba. Fuskoki huɗu ne cikin duhu, sai mawaƙan a kan dandamali. An bar wa kunne aikinsa. Da tashar MTV ta buɗe ranar 1 ga Agusta, 1981, sai lissafi ya sauya: ga allo da dole a cika shi dare da rana, ga kamfanonin faifai da suka gane cewa bidiyo talla ce. Kuɗi suka shigo, gasar burgewa ta tashi. "Sledgehammer" na Peter Gabriel, na 1986, ya kwashe kyaututtuka tara na MTV a shekarar da ta biyo, kuma ya cancanta ta fuskar fasaha, sai dai abin da ya yi shi ne ɗauko kayan da waƙar ta ambata, jirgin ƙasa da 'ya'yan itace, ya sa su rawa a kewayen kan mawaƙin.

Wanda ya fi kama ni a waɗannan shekaru shi ne "One" na Metallica, bidiyonsu na farko, a 1989. Sun haɗa hoton kansu suna kiɗa a wani fankon sito da yankuna daga fim ɗin Johnny Got His Gun na 1971: sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya rasa hannuwa da ƙafafu da fuska, yana buga kansa a matashi da alamun Morse yana roƙon a raba shi da rai. Waƙar da hoton tushensu ɗaya, don haka babu wanda ya danne wani.

Shekarun 1990 ne suka nuna iyakar haɗarin. Pearl Jam sun yi "Jeremy" a kan wani yaro ɗan shekara 15 a jihar Texas da ya harbe kansa a gaban 'yan ajinsu a 1991. Mark Pellington ya ɗauki bidiyon a 1992, har da wurin da yaron ya juya bindigar kan kansa. Dokokin MTV ba su yarda a nuna wannan ba, aka yanke. Abin da ya rage shi ne yaro ya shigo aji, sai ga ɗalibai sun sandare, jini a farin tufafinsu. Mutane da yawa suka fahimci cewa su ya harbe. Daƙiƙu kaɗan aka cire, yaron da aka yi watsi da shi har ya hallaka kansa ya koma mai kisan kai a idon duniya. Ban ce a riƙa nuna wa yara irin wannan hoto ba. Abin da nake cewa, idan ba za a iya nuna gaskiyar ba, gara a sake tsara ƙarshen gaba ɗaya da a bar guntun da zai yi wa mamaci ƙazafi. Ƙungiyar ta daina yin bidiyo na shekaru bayan nan, sai a 1998 ta dawo, kuma sai a 2020 ta saki cikakken na "Jeremy" ga jama'a.

Shi Samuel Bayer ɗin da na zarga ya taɓa yin daidai, kuma daidai ƙwarai. Dolores O'Riordan ta The Cranberries ta rubuta "Zombie" bayan bam ɗin da ƙungiyar IRA ta tayar a garin Warrington na Ingila a Maris 1993, wanda ya kashe yara biyu, ɗan shekara 3 da ɗan shekara 12. Bayer ya tafi Belfast a 1994 da kyamararsa, ya ɗauko sojojin Birtaniya suna sintiri, da zanen bangon unguwanni, da yara suna wasan yaƙi a kango. Bai ƙirƙiri labari ba. Ya je inda ciwon yake ya nuna shi, shi ya sa wanda bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba yake gane cewa uwa ce ake wa kuka, kuma rikicin manya ne ke cinye ƙanana.

Wani zai kawo mini bidiyon "Hurt" ya ce ai shi ma ya sauya ma'ana. Gaskiya ne. Trent Reznor na Nine Inch Nails ya fitar da ita a 1994, kukan matashi ne da ƙwaya da ƙunci suka yi wa katutu. A bakin Johnny Cash ta zama hisabin tsoho. Darakta Mark Romanek ya ɗauke shi a ƙarshen 2002, Cash yana da shekara 70, hannunsa na rawa, a gidansa da kuma gidan tarihinsa da aka riga aka rufe, ana gauraya hotunan ƙuruciyarsa, matarsa June tana tsaye a matakala tana kallonsa. Ta rasu a Mayu 2003, shi ya bi ta a Satumba. Bambancin shi ne muryar Cash ce ta fara sauya waƙar tun kafin a kunna kyamara. Romanek bin muryar ya yi.

Zuwan YouTube a 2005 ya kawo wata sabuwar buƙata: bidiyon da mutum zai tura wa abokinsa. OK Go sun yi rawa a kan injinan gudu takwas a "Here It Goes Again" a 2006, ɗauka ɗaya ba yankewa, duniya ta kalla. Ban raina wahalar da suka sha ba, amma waƙar ta koma 'yar rakiya, kuma gajerun bidiyoyin waya na yau wannan hanyar suka faɗaɗa.

Abin da ke ba ni ɗan fata shi ne bidiyon da ba ya nuna komai sai kalmomin waƙa a rubuce, wanda ƙungiyoyi da dama ke fitarwa yanzu kafin babban bidiyon. Ga mai koyon harshe irin namu, wannan ya fi fim mai tsada amfani, domin yana mayar da kai ga abin da mawaƙin ya faɗa da bakinsa. Dabarar ma tsohuwa ce. A 1965 D. A. Pennebaker ya ɗauki Bob Dylan a wani lungu kusa da otal ɗin Savoy a Landan, yana riƙe da kwalaye masu ɗauke da kalmomin "Subterranean Homesick Blues", yana yar da su ɗaya bayan ɗaya. Da gangan aka sa wasu kwalayen suka saɓa wa abin da yake rerawa, ta yadda mai kallo ba zai gane saɓanin ba sai ya saurara.