Aljihun Miji Daban, na Mata Daban: Sharhi kan Littafin Barbara Cooper

Littafin Marriage in Maradi, wanda Barbara Cooper ta wallafa a 1997, ya bi sawun aure a ƙasar Maraɗi tun daga 1900 har zuwa 1989. Ya kamata masu tsara aikin yaƙi da jahilci a yankin Gure su yi nazarinsa, amma da lura.

Babbar fa'idarsa ita ce ya nuna cewa gidan Bahaushe ba asusu ɗaya gare shi ba. Ci da tufatarwa suna wuyan miji. Abin da mace ta samu daga gamanarta ko sana'arta kuwa nata ne. Claude Raynaut ya riga ya lura da wannan rabuwar dukiya a ƙauyen Sumarana, kamar yadda Polly Hill ta bayyana cinikin matan kulle a Batagarawa cikin littafinta na 1972. Abin da Cooper ta ƙara shi ne tarihi. Ta nuna yadda hana bauta a farkon mulkin Faransa ya ɗora wa matan aure aikin da bayi suke yi a da. Ta kuma nuna cewa kayan ɗaki da gara hanya ce da mata suke bi domin su tabbatar da darajar ɗiyarsu, kada a ce sadaki ya saye ta.

Sai dai littafin yana da iyaka. Ya fi ƙarfi wajen labarin rayuwar mata, bai ba da cikakken lissafin shiga da fitar kuɗi na gida ba. Muryar maza ma kaɗan ce a cikinsa. Abu na uku, wanda ya fi shafar wannan yanki, shi ne Maraɗi ba Gure ba ce. Maraɗi ta bunƙasa ne da gyaɗa da fataucin Nijeriya. Gure kuwa tsohuwar cibiyar masarautar Muniyo ce, inda Mangawa suke zaune tare da Hausawa, Fulani, Tubawa da Buzaye, arzikinsu kuma ya dogara ga gero, kiwo, kanwa, gishiri da dabinon kwaruruka. Wanda ya ɗauko sakamakon Maraɗi ya shimfiɗa shi a nan ba tare da bincike ba, zai koyar da abin da mutane ba su gane shi a gidajensu ba.

Saboda haka abu biyu ya wajaba. Na farko, a sake yi wa matan Gure tambayoyin Cooper, da Hausa da Barbarci: wa ya mallaki akuya, wa yake sayar da nono, wa yake biyan biki? Na biyu, darasin lissafi ya ware aljihun miji da na mata, ya kuma yi ƙidaya da dala, tun da a kasuwa faran 100 dala 20 ake kiransa. Darasin da ya haɗe dukiyar gida wuri guda, mata za su saurare shi don ladabi, su koma ga adashinsu.