Sulke a kan ƙyalle: hoto ma sai an koyi karatunsa

Ya kai mai karatu, in ka taɓa kallon hawan salla a Damagaram, ka ga ƴan sulke da ƴan lifidi. Ka san sulke zobba ne na ƙarfe da aka sarƙa, lifidi kuwa tufa ce da aka cusa wa auduga aka ɗinke. Riƙe wannan sani, da shi za mu auna wani aikin Turawan da.

Mutanen garin Bayeux, cikin ƙasar Faransa, sun gaji wani dogon ƙyalle. Tsawonsa kusan mita 70, faɗinsa kamu ɗaya. An yi masa ɗinkin ado da zaren ulu, yau fiye da shekara 900. Labarin da ke kansa na yaƙi ne: yadda Wiliyam, mai mulkin Normandi, ya ƙetare teku ya ci Harold, sarkin Ingila, a shekarar 1066.

Maɗinkan sun cancanci yabo. Mayaƙi, kana iya ƙirga kayansa tun daga kai. Ga kwalkwali mai tsini, da ɗan ƙarfe da ya sauko ya kare hanci. Ga sulke har gwiwa, hannunsa ya tsaya wajen gwiwar hannu. Daga nan zuwa wuyan hannu sai ka ga wani launi dabam. Wannan ita ce rigar da ke ƙarƙashi. To, ka ga dabara ta fari: in kana son sanin abin da ke ciki, dubi baki, wato hannu da wuya da gindin riga. Nan ne na ciki ke leƙowa.

Amma akwai inda allura ta kasa. Zoben sulke ƙarami ne, zaren ulu kuwa mai kauri. Sai wani maɗinki ya yi ƴan da'irori, wani ya gicciya layuka kamar raga. A shekarar 1824 wani masani Bature, Samuel Meyrick, ya fitar da littafi a kan kayan yaƙi. Ya ɗauka kowane zane irin sulkensa dabam, har ya raɗa musu sunaye. Masanan baya sun gane sulke ɗaya ne, hannun maɗinka ne ya bambanta. Kama da wane ba ta wane.

Laifi na biyu, sun ɗinka sulke ya naɗe kowace cinya kamar wando. Wa zai hau doki da wandon ƙarfe? Riga ce mai tsaga gaba da baya. Ƙyallen da kansa ya ba da shaida: akwai inda ake tuɓe wa gawawwaki sulke ta kai, yadda ake tuɓe taguwa. Akwai kuma inda mutum biyu-biyu ke ɗauke da sulke rataye a sanda za su kai jirgi. Nan ka gane nauyinsa.

Laifi na uku ya fi girma. Gawawwakin da aka tuɓe, tsirara aka nuna su. Ina rigar da muka gani a hannu? Kai ka san ba a ɗora ƙarfe a kan fata. Ni a ganina, maɗinkan wulaƙancin wanda ya faɗi suke son nunawa, ba lissafin tufafi ba. Sun samu abin da suke so, amma sun ruɗa mai neman sani.

Lifidi fa? Mai son ganinsa sarai sai ya dubi wani littafi mai hotuna da aka yi a Faransa wajen shekarar 1250, wanda ake kira Baibul na Morgan. Can dakaru na sanye da riga mai kauri, da layukan ɗinki a jere daga sama zuwa ƙasa. Da ka gani za ka ce, ai wannan ɗan'uwan lifidinmu ne.

Saboda haka, mai karatu, yadda ka koyi haɗa baƙi da wasali, haka ake koyon hoto. Kada ka tsaya ga wuri guda. Dubi baki, ka gwada wannan wuri da wancan, sannan ka tambayi abin da idonka ya taɓa gani a filin salla.