Li Ban Kilif: Mutumin da Ya Ci Abinci da Muguwar Fuska

Ɗan uwa mai karatu, ko ka taɓa kallon fim na kaboyi? In ka taɓa, to, akwai wata fuska da ba za ka manta ba. Wani dogon mutum ne siriri, da baƙar malafa, da ɗan gashin baki. Idanunshi ƙanana ne, a tsuke. Hancinshi kamar bakin shaho. Da ya ɓullo, sai gidan silima ya yi tsit. Kowa ya san shef bandi ya iso.

A takardar talla ana rubuta sunanshi Lee Van Cleef. Ana faɗinshi Li Ban Kilif. Yau aikinshi za mu duba tare. In mun shiga silima, akter muke yi wa taɓi. Shi ne nagari, shi ne mai nasara. Amma ka taɓa tambayar kanka, in babu mugu, wa akter zai kayar? A kokowa, in abokin karonka rago ne, kayen da ka yi mashi ba abin kiɗa ba ne. A tatsuniya ma, wayon Gizo ba ya daɗi sai Kura ta cika abin tsoro. Haka fim yake.

Hancin da ya ƙi gyarawa

An haifi Ban Kilif a Amurka, cikin jihar Niyu Jarsi, ran 9 ga watan Janairu 1925. Ya yi sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu. Bayan yaƙi ya taɓa aikin lissafin kuɗi, kana ya shiga wasan kwaikwayo. A wurin wasa ne wani mai shirya fim, Stanley Kramer, ya gan shi.

Kramer yana shirin wani fim da ya fito a 1952. Da Faransanci sunanshi "Le train sifflera trois fois", wato jirgin ƙasa zai yi kuka sau uku. Aka ce za a ba Ban Kilif matsayin mataimakin sherif, mai tsaron doka a garin. Matsayi ne mai magana da yawa. Amma da sharaɗi: sai likita ya gyara mashi hanci, don wai ya cika ban tsoro. Ban Kilif ya ƙi. Sai aka ba wani matsayin, shi kuwa aka maishe shi ɗaya daga cikin ƴan bindiga uku masu jiran ubangidansu a tashar jirgi.

Ka lura da wanga abu. Daga farkon fim ɗin har ƙarshenshi, Ban Kilif bai faɗi ko kalma guda ba. Amma fuskarshi ce ta fari da ake nunawa. Yana zaune a daji shi kaɗai, yana jira. Ba a faɗa maka kome ba, amma ka riga ka san ba alheri ya kawo shi ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wanga shi ne jarin mutumin, tun ranar farko.

Shekara goma sha uku yana mutuwa

Daga 1952 zuwa 1965, aikinshi kusan iri ɗaya ne. Ya shigo, ya tsorata mutane, akter ya harbe shi. Ya fito a manyan finafinai, amma a gefe. A 1962, cikin fim ɗin John Ford mai labarin ɗan fashi Liberty Valance, shi yaron ɗan fashin ne kawai. A telebijin ma haka: ya yi ta fitowa cikin shirye-shiryen kaboyi irin su Bonanza, da Gunsmoke, da Rawhide. Mako wanga a kashe shi a nan, wani mako a kashe shi a can. Mutane sun san fuskar, ba su san sunan ba.

Kada ka raina irin wanga aiki. Babban akter yana da awa biyu don ka saba da shi. Ƙaramin ɗan wasa minti biyar gare shi, ko ƙasa da haka. Cikin ɗan lokacin nan tilas ka gane ko shi wane ne, ka kuma yarda da shi. In ya kasa, fim ya yi lami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wajen ƙarshen shekarun 1950 ya yi mummunan haɗarin mota, gwiwarshi ta lalace. Ga ɗan wasan kaboyi, wanda doki ne abincinshi, wanga babbar asara ce. Ya warke, ya koma bisa sirdi, amma aiki ya yi ta raguwa. Har ya koma zanen hotuna don neman na tuwo.

Daga Italiya arziki ya zo

A 1965 wani mai shirya fim ɗan Italiya, Sergio Leone, ya zo nemanshi. Leone yana yin finafinan kaboyi, amma mafi yawa a busasshiyar ƙasar kudancin Ispaniya yake ɗaukarsu. Shi mutum ne mai son kawo kamara dab da fuska, har ka ga zufa da ƙiftawar ido. Mai irin wanga aiki, fuska yake nema, ba zaƙin baki ba. Hancin da Holiwud ta ce a gyara, shi Leone ya saya.

Fim ɗin shi ne "Et pour quelques dollars de plus", wato saboda ƴan ƙarin daloli. Ban Kilif ya fito a Kolonel Mortimer, mai farautar ƴan fashi. Shekararshi 40 lokacin. Shekara biyar kaɗai ya ba Clint Eastwood, abokin wasanshi, amma ya zama kamar ubanshi.

A ganina, nan ne aikinshi mafi kyau. Dubi wurin da ya ƙyasta ashana a jikin wani ɗan fashi mai doro, don ya kunna lofenshi. Bai yi tsawa ba, bai jawo bindiga ba. Natsuwarshi ce ta cika ɗakin. Ka ɗauka kuɗi yake bi. Sai a ƙarshe ka gane ramuwar ƴar uwarshi ya zo yi, wadda hotonta ke cikin agogon aljihunshi. Lokacin da agogon yake kiɗa, dubi idanunshi. Idanun da suka saba ba ka tsoro, yanzu tausayi suke ba ka. Ya bar wa abokinshi kuɗin duka, ya hau doki ya tafi. Fuska ɗaya ce, amma ta yi aiki biyu. Wanda bai iya ba, ba ya yin haka.

A 1966 suka sake haɗuwa cikin "Le Bon, la Brute et le Truand", wato nagari, da azzalumi, da ɗan damfara. Shi ne azzalumin, Sentenza. Ya iso gidan wani manomi, ya zauna, ya ɗauki cokali ya shiga cin abincin mai gida, yana kallonshi. An daɗe babu mai magana. Wani ya biya shi dala 500 ta Amurka don ya kashe manomin. Manomin ya miƙa mashi 1000 don ya kashe wancan. Ya karɓi kuɗin duka, ya kashe su duka biyu. Muguntar ba a harbin take ba. Tana wurin cin abincin nan a natse, kamar baƙon kirki.

A ƙasarmu da Faransanci aka riƙa nuna finafinan nan, kuma da yawa cikin masu kallo ba su jin Faransanci. Amma Ban Kilif bai bukaci tafinta ba. Manomi da ɗan lakwal, duk abu ɗaya suka gane.

Inda ya gaza

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta. Bayan ya yi suna, Ban Kilif ya yi ta sayar da haja iri ɗaya. Wasu finafinan suna da kyau, kamar "Colorado" na Sergio Sollima. "Sabata" na 1969 yana da ban dariya, amma dabarun bindiga sun fi labarin yawa. Daga nan sai baƙar riga, da tsuke ido, da lofe, ana ta maimaitawa. Miya kome daɗinta, in aka yi ta ɗumame, sai ta gundure ka.

A 1981 John Carpenter ya ba shi ƙaramin matsayi cikin "New York 1997", shugaban masu tsaron kurkuku. Nan ya sake haskawa, don an maishe shi inda ya fi ƙarfi: magana kaɗan, kallo da yawa. Amma a 1984 ya karɓi wani shirin telebijin, The Master, inda ya fito a gwanin faɗan ninja. Yana da shekara 59, ga ciwon gwiwa. Ko yaro ya ga wani ne ke yi mashi tsalle-tsallen. Kashi 13 aka yi, shirin ya tsaya.

Wasa dabam, mutum dabam

Akwai wani abu kuma. Finafinan nan suna nuna kamar bindiga ce alƙali. Wanga ƙarya ce mai daɗin kallo. Ɗan ƙasarmu Mustafa Alasan ya gane haka da wuri. A 1966 ya yi "Le Retour d'un aventurier", tare da Zalika Sule da Jingare Maiga. Wani saurayi ya komo daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba wa abokanshi. Suka sa, suka ɗauka su ne na cikin fim, suka dami ƙauyensu. Sun kwaikwayi rigar, ba su san aiki ne ba.

Shi kanshi Ban Kilif ya san bambancin. A fim ɗin Sentenza akwai wurin da zai mari wata mace. Abin ya yi mashi nauyi ƙwarai, har aka sa wani ya yi wasu marin a madadinshi.

Ya rasu ran 16 ga watan Disamba 1989, a Kalifoniya, yana da shekara 64. A bisa kabarinshi an rubuta cewa shi ne gwanin mugaye.

Yau mafi yawan gidajen silima sun rufe, amma finafinan suna nan, a telebijin da cikin waya. In ka sake samun ɗaya, gwada wanga abu. Ɗauke idonka daga akter na ɗan lokaci. Dubi wanda ke tsaye a gefe, ba ya magana. Ka tambayi kanka: in aka cire shi, mi zai rage? Sannan ka faɗa wa yaran da ke kallo tare da kai cewa mutumin nan sana'a yake yi. Gwaninta za su koya wurinshi, ba mugunta ba.