Inda Doki Zai Taka: Gwanintar Saitin Hoto a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Doki idan ya saki jiki da sukuwa yana cin sama da mita goma a daƙiƙa ɗaya. Kafin idon mai hoto ya ce "yanzu", yatsansa ya amsa, kyamara ta buɗe ta rufe, dokin ya riga ya bar inda aka gan shi. Wannan ɗan tsakanin shi ke raba gwani da ɗan koyo a ƙofar fada ranar hawan Sallah, a shekarun da tsaro ya bari aka yi hawan. Mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa riƙe da kyamara iri ɗaya. Ɗaya ya koma shago da hoton da za ka ƙirga zaren tunkun doki a ciki, ɗayan kuma ya koma da 'yan kallo sun fito tar, mahayi ya zama inuwa.

Wanda ya koma da inuwa yakan ɗora wa kyamara laifi. Shi ya sa zancen da ya fi yawo tsakanin matasan masu hoto a Ƙaura Namoda, musamman masu cin abinci a bakin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, shi ne na sayar da tsohuwar Canon 600D ko Nikon D3200, a cika kuɗi a sayo marar madubi, wadda ke neman idon mutum da kanta ta liƙe masa. Kukansu yana da hujja. Amma kafin mutum ya rabu da jarinsa, yana da kyau ya tsaya bayan wani tsohon hannu ya ga abin da yake yi da wannan kyamarar da ake rainawa.

Kyamara ba ta san mutum ba, ba ta san doki ba, aƙalla irin waɗannan tsofaffin. Abin da take nema shi ne baki, wato inda haske ya yi iyaka da duhu. Tana karɓar haske ta gefe biyu na lensi, ta gwada hotunan biyu, ta auna yadda suka saɓa, sannan ta umarci motar lensi ta matsa gaba ko baya har su daidaita. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Konica na Japan ya fito da ƙaramar kyamara mai saita kanta tun 1977, Minolta 7000 ta kawo abin cikin manyan kyamarori a 1985, Canon ta biyo da jerin EOS a 1987. A cikin 600D akwai ɗigon awo 9, a D3200 akwai 11, kuma a dukkansu ɗigon tsakiya ne kaɗai ke ganin baki a tsaye da kuma a kwance. Sauran suna da ido ɗaya ne, in abin ya zo musu ta inda ba sa gani sai lensi ya yi ta kai da komo yana ƙugi.

Gwani ya san wannan, ko da bai taɓa karanta shi a takarda ba. Ba za ka gan shi ya ɗora ɗigo a tsakiyar farar shadda ba, domin fari fes ba shi da bakin da za a kama. Zai nemi aikin wuyan riga, ko gefen hula, ko inda rawani ya haɗu da goshi, ya kama saiti a nan da ɗigon tsakiya, ya riƙe, sannan ya ɗan karkata kyamara ya tsara hotonsa. Da hunturu, ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, lokacin da hazo da ƙurar kara suka shafe komai ya koma launi ɗaya, zai nemi ƙahon sa ko igiyar raƙumi. A ɗakin amarya kuwa, inda hasken bai wuce na ƙwan sola ɗaya ba, zai ce wa wata ƙawa ta haska fitilar waya a kan lallen hannu, ya kama saiti, a kashe fitila, filasha ta yi sauran aikin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake yi da doki. Ba ya bin sa. Tun kafin a fara hawa ya riga ya zaga filin, ya san ta inda ayari zai ɓullo, ya san inda mahaya ke jan linzami su yi jafi a gaban sarki, domin wurin ba ya canzawa daga wannan Sallah zuwa waccan. Sai ya zaɓi wata alama a ƙasa, dutse ko sawun taya ko inuwar turken wuta, ya saita lensi a kanta, ya kashe saitin kai-da-kai gaba ɗaya. Ya ƙuntata ƙofar haske zuwa f/8, ya kai gudun shota 1/1000. Daga nan sai jira. Lissafin yana bayansa: lensi mai milimita 35 a kan irin waɗannan kyamarori, in aka saita shi a mita biyar da ƙofa f/8, duk abin da ke tsakanin mita uku da kusan mita goma sha huɗu zai fito sarai. Ya gina wa dokin ɗaki ke nan, saura ya shigo. Idonsa na dama yana cikin kyamara, na hagu a buɗe yana kallon fili, yana karanta kunnen doki da kafaɗar mahayi. Kuma yana dannawa ne kafin ƙafar gaba ta sauka a kan alamar, ba bayan ta sauka ba. Hoto ɗaya, wani lokaci biyu. Yaron da ke gefensa ya riga ya zuba talatin a memori.

A dandalin dambe dabarar takan sauya kaɗan. 'Yan dambe suna zagaya juna amma nisansu daga bakin da'ira bai cika canzawa sosai ba, saboda haka matsalar ta lokaci ce fiye da ta nisa. Mai hoto da ya daɗe a dandali yana sauraron kalangu, yana lura da ƙafar baya, don hannun da aka naɗe da kara ba ya tashi sai nauyin jiki ya koma can. Wasunsu sun raba aikin yatsu biyu: sun mai da saiti kan maɓallin baya, babban yatsa ke kama shi, manuniya kuma ba ta da aiki sai ɗauka. Da haka ko alƙalin wasa ya gitta ta gaban lensi, saitin ba ya tsalle ya bi shi. Ko 600D tana da wannan a cikin menu, yawancin masu ita ne ba su taɓa buɗe wurin ba.

Akwai kuma gwaninta ta biyu da ba a cika yabawa ba, ita ce karanta hoton da ya lalace. Yaro zai kawo wa maigidansa hoto ya ce, "Maigida, kyamarar ga ta gaji, ba ta kama komi." Maigida ba zai yi gardama ba. Zai buɗe hoton a kwamfuta, ya ƙara girmansa, ya ce, "Duba ƙasa, mi ka gani?" Idan yashi ya fito ɗaya-ɗaya a bayan doki amma dokin ya yi dishi-dishi, to saiti ne ya sauka a baya, a nan ana iya zargin kyamara, ko kuma an bar ta a One Shot maimakon AI Servo, wanda masu Nikon ke gani a matsayin AF-S da AF-C. Idan ƙasa da bango sun fito amma ƙafafun doki da bakin alkyabba sun ja layi, shota ce ta yi nawa: a gudun 1/60 dokin nan ya yi tafiyar kusan santimita ashirin kafin ta rufe. Idan kuwa babu ko ɗigo ɗaya da ya fito a duk faɗin hoton, komai ya zame gefe guda, hannun mai ɗauka ne ya girgiza. Idan hoton ya yi fari-fari kamar an shafa masa mai, a juya lensi a duba, sau da yawa ƙura ce da sawun yatsa. Cikin cututtukan nan huɗu, ɗaya tak sabuwar kyamara ke warkarwa, ita ma ba kullum ba.

Shi ya sa shawarar farko da tsofaffin hannu ke bayarwa ita ce ta lensi. Wanda ake sayar da kyamara da shi, 18-55, in ka ja shi zuwa ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Ƙaramin lensi na 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, kuma da hasken ne na'urar awo ke gani. Kyamarar da ke lalube bayan magariba sai ta farfaɗo. Sai dai yana da nasa sharaɗin: a buɗe shi duka, a nisan mita biyu, abin da ke fitowa sarai bai fi santimita goma sha ɗaya ba, in ka kama hanci kunne ya tafi. Mai Nikon D3200 ko D5100 kuma ya yi hattara, jikin waɗannan ba shi da motar juya lensi. In ya sayi tsohon 50mm mai harafin D saboda arha, da hannu zai riƙa murɗawa, wanda ke da AF-S a jiki shi ne nasa.

Ba na cikin masu cewa sabuwar kyamara almubazzaranci ce. Tun da Canon ta sa na'urar awo a kan farantin ɗaukar hoto kansa a 70D ta 2013, Sony ta fito da a9 mai ɗigo 693 a 2017, Canon da Nikon suka shigo da EOS R da Z6 a 2018, abin ya wuce wasa. R6 Mark II ta 2022 har doki take ganewa. Wanda rabin aikinsa bidiyon biki ne, inda amarya ke tahowa tana tafiya babu damar cewa ta tsaya, ko mai ɗaukar ƙwallo da dogon lensi, wannan zai ga bambanci tun ranar farko, domin 600D a bidiyo ba ta bin mai motsi sam. Amma na'urar da ke neman ido tana da iyaka a ƙasar da amarya ke zuwa a lulluɓe, basarake ya ja amawali har kan hanci, ɗan lifidi ya sa kwalkwali. A taron kamu kuma, inda fuskoki ashirin ke cikin hoto, kyamara ba ta san wace ce uwar ango ba, takan liƙe wa wadda ta fi kusa. Mai hoto ne zai gaya mata.

Sauran lissafin na aljihu ne da na gari. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 duk kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, kuma jikin sabuwar kyamara kaɗai ba ya aiki, sai an ƙara da adafta ko sabon lensi, da katin memori mai sauri. Batir ma abin dubawa ne a garin da wuta ke zuwa in ta ga dama: a awon da kamfanoni ke bugawa, Nikon D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, Canon RP kuwa kimanin 250. Yawancin marasa madubi farantinsu a fili yake da zarar an cire lensi, kuma wanda ya taɓa canza lensi a Zurmi cikin Janairu ya san abin da iska ke ɗauke da shi. In kyamarar ta lalace, gyara sai Kano ko Legas, a kan hanyoyin da ba kowace rana ake son bi da kaya masu tsada ba. Sannan a tambayi kai wane ne zai biya. Mai fasfo da hoton ɗalibai ranar rantsuwa ko ranar kammala jarrabawa, mutanensa a tsaye suke cak, hoton kuma zai ƙare ne a WhatsApp, wanda ke matse shi har bambancin ya ɓace.

Wanda ya auna duk wannan ya ga har yanzu yana bukata, gwanaye ba sa barin ya biya a kan maganar mai shago. Ya je da katinsa da lensinsa. Ya sa wani ya taho da gudu daga nesa zuwa gabansa, ya ɗauki jere da tsohuwar, ya ɗauki jere da sabuwar, ya maimaita a cikin shago an kashe fitila. Ya buɗe su a babban allo, ba a ɗan gilashin bayan kyamara ba inda komai ke yin kyau, ya ƙirga nawa ne ido ya fito a kowane jere. In ta hannu ce, ya duba adadin hotunan da shotarta ta riga ta ɗauka, ya haska cikin lensi ya nemi ƙura da fumfuna, sannan a fara ciniki.